Ƙofar Kusan-Daidai

Shekara ashirin da bakwai ina yi wa gidan wasan kwaikwayon garinmu ƙofofi. Nakan yi kujeru da tagogi da gadajen da ba a kwana a kansu, amma ƙofa ce abin alfaharina. Wanda bai san wasa ba ba zai gane ba: rabin abin da ke faruwa a kan dandamali, a bakin ƙofa yake faruwa. Miji ya shigo ba sallama, ɓarawo ya fita ba takalmi, mace ta yi fushi ta buga ƙyaure. In ƙyauren ya yi rawa, fushin ya tashi a banza, 'yan kallo su kwashe da dariya a inda ya kamata su yi tsit. Nawa ba ya rawa. Akwai shekarar da wata mata ta biyo ni har bayan labule, wai lallai in sayar mata da ƙofar da aka yi wasan da ita, ta fi ta ɗakinta mutunci.

Sai tsohon darakta ya yi ritaya, aka kawo mana sabuwa.

Yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, ta yi karatu mai zurfi a ƙasar waje, tana yawo da tabarau a saman goshi wanda ba ya saukowa kan idonta. Ladabi kam ba a magana. Baba take ce mini, in na shigo ta miƙe ta ba ni kujera. Da ma da rashin kunya ta zo, da na san yadda zan yi da ita.

Ran da ta tara mu ta ce, "Bana za mu yi wasa ne a salon bayan-zamani."

Mai fitila, wanda muka tsufa tare a gidan, ya matso kusa da kunnena. "Zamanin ma bai gama da mu ba, har an kai bayansa?"

Ta ji shi, ta yi dariya, ta yi mana bayani. Wai a da ƙarya ake yi wa juna: 'yan wasa su yi kamar ba su ga 'yan kallo ba, 'yan kallo su yi kamar ba su san bangon kwali ne ba. Yanzu an daina. Wasa ya san shi wasa ne, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Namu labarin wani mutum ne da ya gane cewa a cikin wasan kwaikwayo yake, rawar da aka ba shi kuma ba ta yi masa ba, yana ta neman hanyar fita. Za a fara wasan sau uku. Ƙarshensa zai zo a tsakiya, sannan a ci gaba. 'Yan wasa za su riƙe takardunsu a hannu suna karantawa, shi kuma mai fitila zai zauna a kan dandamali a gaban kowa, da wayoyinsa da kofin shayinsa.

"Ni kuma fa?" na ce.

"Kai ne zuciyar wasan, Baba. Babu bango, babu taga, ƙofa ɗaya tak a tsakiyar dandamali. Amma ina son ƙofa mai faɗin gaskiya."

"Duk ƙofofina masu gaskiya ne."

"Nan ne matsalar. Ƙofofinka sun iya ƙarya da yawa, duk wanda ya gan su sai ya ɗauka gida ne na gaske. Ina son wadda daga kujerar baya ma za a gane cewa wani ne ya harhaɗa ta jiya. Karkatacciya, mummuna, a rufe ta ƙi rufuwa, a buɗe ta ƙi buɗuwa."

Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne, kwana ɗaya ma ya yi yawa.

Kwana goma sha biyu na yi. Ta farko na ce ba zan auna ba, da ido zan yanka. Idon nan da ya shekara arba'in yana awo ya yanka daidai. Ta biyu na auna, na ƙara yatsa biyu da gangan a gefe ɗaya, na kafa ta, na tafi cin abinci. Ina tsakiyar ci na ji abincin ya ƙi wucewa. Na dawo da niyyar in dube ta kawai, ban farga ba sai ga ni da zarto a hannu, yatsa biyun nan kuma suna ƙasa cikin garin katako. Ta uku da hannun hagu na haɗa ta, na nemo tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, na sa hinji, wato ƙarfen da ke riƙe ƙyaure, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Na tura ta a gaban Darakta ina addu'ar ta ba ni kunya. 'Yar banzar ƙofar nan ta tafi a hankali ta rufe kanta, ƙit, kamar ta banki.

Darakta ta shafa ƙyauren ta ce, "Baba, wannan ma ƙarya take yi."

"Na yi iya ƙoƙarina."

"Na gani. Kada ka takura kanka. Akwai ɗaliban zane da na sani, in abin ya gagara sai su karɓi aikin dandamalin, kai ka huta."

Da ladabi ta faɗa. Amma na ga irin hutun da tsohon darakta yake yi: kullum yana zaune a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya.

A gida na kwashe labarin na gaya wa matata. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mummunar ƙofa kake nema ka rasa, alhali ƙanenka na da rai?"

Ita wasa take yi. Ni ne na tashi da maganar a raina.

Mu biyu mahaifinmu ya koya wa aikin, a kan teburi ɗaya, da zarto ɗaya. Ni na ɗauko hannunsa, ƙanena ya ɗauko fara'arsa. Mutum ne da ba ya iya auna abu sau biyu. Yana cikin awo wani zai gaishe shi, su shiga hira, ya manta lambar, ya yanka a inda zuciyarsa ta kwanta. In ka nuna masa giɓi sai ya karkata kai ya ce, "Ai kusan daidai ne." Tun yana saurayi sunan ya bi shi, har 'ya'yan maƙwabta Baba Kusan-Daidai suke ce masa, yana amsawa. Bayan rasuwar tsoho na yi ta haƙuri da shi, har ran da ya yi wa wani alƙali kabad ɗin kaya wanda duk lokacin da babbar mota ta wuce sai ya buɗe da kansa. A gaban mutane na ce ya kwashe kayansa, sunan mahaifinmu ba abin wasa ba ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya kafa rumfa a bayan tashar mota yana gyaran benci da akurkin kaji. In an yi haihuwa ko rasuwa a dangi mukan haɗu, mu gaisa, mu tambayi iyali, kowa ya kama gabansa.

Washegari na je. Na same shi yana fama da ƙafar wani benci da ta fi 'yan'uwanta tsawo. Ya rage ta, ta koma ta fi su gajarta. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

"Yaya? Lafiya dai? Wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Aiki na kawo maka. Ƙofa, ta gidan wasa. Ita kaɗai za ta tsaya a kan dandamali, kowa ita zai kalla."

Ya ajiye zarton. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya sake gogewa.

"Ni, Yaya?"

"Kai mana. Ayyuka sun yi mini yawa."

"Kuma ba za ka tsaya a kaina ba?"

"Ko leƙowa ba zan yi ba."

Ya juya mini baya wai yana neman fensir, alhali fensirin na maƙale a kunnensa. A nan kunya ta rufe ni, kunya ta gaske. Na ga abin da ya ɗauka: wai bayan shekara goma sha ɗaya yayansa ya yarda da hannunsa. Magana ɗaya ta isa in gyara, amma ban yi ba. Na ba shi tsawo da faɗi, na aika masa da katako mai kyau, na kama hanya. Daga ranar tsoron rasa aikina ya koma baya. Abin da nake tsoro shi ne ya gano dalilin da ya sa na zaɓe shi.

Kwana tara ban ji ɗuriyarsa ba. Ran na goma ya turo ta a amalanke har shagona, a lulluɓe da tsohon bargo. Ya rame, ga tsumma ɗaure a babban yatsansa. Ya yaye bargon ya ja da baya.

Na ɗauko tef na auna sama, na auna ƙasa. Daidai. Na auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Daidai. Na ɗora ma'aunin ruwa, ɗigon ya zauna a tsakiya kamar a nan aka haife shi. Na bi mahaɗan da farce ina neman inda zai shiga, babu. Ko ƙusa ɗaya bai sa ba, katako ne ya shiga cikin katako irin yadda tsoho yake yi, aikin da ni kaina na bari saboda cin lokaci. Na tura ta, ta rufe ba ƙara. Mutumin da ya shekara talatin yana ɓata wa jama'a katako, ranar da ake neman ya ɓata sai ya tashi da gwaninta.

"Yaya ka gan ta?" ya ce.

"Za ta yi." Na naɗe tef ɗina.

"Ranar buɗewa zan zo da maman yara da 'yan matan. Ba su taɓa shiga gidan wasa ba."

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nawa da awo na gina shi, zurfinsa daidai tsawona.

Darakta ta zagaya ƙofar sau uku. Ta sauko da tabarau kan idonta, abin da ya sa mai fitila ya bar abin da yake yi ya zo kallo.

"Baba," ta ce, "wannan ai uwar maƙaryata ce. Sauran duk 'ya'yanta ne."

Na ga hutu ya tunkaro ni, sai na ja ta gefe na gaya mata gaskiya kaf, tun daga kabad ɗin alƙali. Na zaci za ta yi fushi. Ina magana idonta na ƙara haske.

"Kafintan da ba ya iya ɓatawa ya ɗauko wanda ba ya iya gyarawa, shi kuma ya gyara. Baba, wannan ya fi wasan da na rubuta. Mu sa shi a ciki. Ku biyun ku hau dandamali ku ba da labarin da bakinku."

"'Yata, don girman Allah. In kika yi haka, ba ni ba garin nan. Bai sani ba, kuma ba na so ya sani."

Ta dube ni, ta ga ba wasa nake yi ba, ta bar maganar. Ta koma ta tsaya gaban ƙofar tana taunar bayan biro. Can ta juyo.

"To, za mu kashe ta. Tunda ta iya ƙarya haka, a gaban jama'a za ta mutu. A ƙarshen wasa jarumin zai ɗauki gatari ya farfasa ta, ya fita ta cikin ɓaraguzan. Tsohon salo ke nan muka binne."

An gudu ba a tsira ba. Maimakon ƙanena ya ji an ce aikinsa mummuna ne, zai zauna da matarsa da 'ya'yansa ya ga an yi itacen girki da shi.

Jarumin namu mahauci ne a kasuwa, ƙaton da kowa ke kira Basamude. Shekara goma sha biyu yana fitowa a mugu, bana ne aka fara ba shi babbar rawa, ya ɗauke ta da muhimmanci har ya daina gaisawa da masu shara. Da ya ji zancen gatari ya ce a bar masa, sara ai gadonsa ne.

A sana'armu ba a ba ɗan wasa gatarin gaske. Na katako nake sassaƙawa, in shafa masa fentin azurfa, daga nesa sai ka rantse zai raba bijimi biyu. Ƙofar kuma sai a bi ta baya da zarto, a yanka ta nan da can saura ƙiris, a cike wuraren da gam da garin katako, a shafe da fenti. Bugu uku ta watse. Da yake ƙofar ɗaya ce, ba a yi gwaji da ita ba, Basamude ya yi mako guda yana saran iska.

Na yi ta ɗaga yankan har safiyar ranar buɗewa. Na shiga gidan wasan ba kowa, na kwantar da ƙofar rub da ciki a kan benci biyu, na ɗauko zarto. Sai na ga bayanta. Bayan ƙofar wasa ba wanda yake gani, ni kaina ban taɓa ɓata lokaci a kansa ba, yadda katako ya zo haka nake barinsa. Shi ya goge nata sumul, ya shafe shi, ya yi masa ado iri ɗaya da na gaban. Na ɗora haƙoran zarton a kai. Na daɗe a haka. Na tuna yatsan nan da ke ɗaure da tsumma, na ji zuciyata ta karye, na mayar da zarton cikin jaka. Na tsayar da ita a tsakiyar dandamali, na ɗaure gindinta da ƙarafa huɗu maimakon biyu, na sa sakata kamar yadda aka tsara.

Darakta ta shigo da takardu a hammata. "An yanka, Baba?"

"An gama komai," na ce. A gidan da aka hana ƙofa yin ƙarya, kafinta ya yi tasa.

Ƙarfe huɗu na yamma zauren ya cika. Ƙanena ya zo da riga mai sabon guga, matarsa ta sha ado, 'yan matansu uku a jere kamar matakala. Na zauna kusa da shi a layi na uku.

Aka fara wasan. Aka tsaya, aka sake farawa. Da aka fara na uku wani dattijo a bayanmu ya ce, "Yaran nan ba su shirya ba ne?" Wata 'yar wasa ta sauko ta tambayi wani mai kallo ko ya gane abin da ake yi, ya ce a'a, ta ce ita ma haka, ta koma. Da ƙarshen ya zo a tsakiya, rabin mutane suka miƙe suna neman takalmansu, sai da mai fitila ya ajiye shayinsa ya ce su zauna da saura. Ƙanena bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na kan ƙofar.

Na taɓa gwiwarsa. "Akwai wani abu da za a yi a ƙarshe, kada ka..."

"Yi shiru, Yaya, ana kallo."

Sai ga Basamude da gatari a kafaɗa. Ya buɗe takardarsa ya karanta da murya mai girgiza rufi: "Na gaji da wannan wasa. Ban roƙi kowa ya rubuta ni ba. Yanzu zan fita." Matar ƙanena ta kama hannun mijinta. Basamude ya ja da baya, ya ɗaga, ya sara.

Ƙofar ko gezau.

Ya sake ɗagawa, wannan karon da ƙarfin kasuwa. Kan gatarin ya fita fit, ya yi sama, ya sauko kusa da mai fitila, wanda ya ɗage kofinsa kawai ya ci gaba da sha. Basamude ya dubi ƙotar da ta rage a hannunsa. Ya dubi takardarsa, ya juya shafi, ya juya bayan shafin, ba abin da aka rubuta. Ya jefar da ƙotar ya sa kafaɗa. Ya koma har bakin dandamali ya sheƙo a guje ya sake sa kafaɗa, dandamalin ya yi rawa, fitilu suka yi rawa, ƙofar tana nan. Ya sa ƙafa. Ya riƙe ƙafar yana tsalle da ɗayar.

Wata tsohuwa a layin gaba tausayi ya kama ta. "Ɗan nan, zagaya mana. Ai ba bango."

"Mama, an ce kada in zagaya," in ji Basamude, kuma wannan ba ya cikin takarda.

Zauren ya ɗauki dariya. Nan take jama'a suka rabu biyu, wasu na bayan mahauci, wasu na bayan ƙofa. Dattijon da ya ce yara ba su shirya ba yana tsaye yana ba da shawarar ta wajen hinji za a bi. Na waiga na hango Darakta a can baya, ta cusa gefen gyalenta a baki. Basamude ya gwada sau biyu kuma, sannan ya sulale ya zauna ya jingina da ƙyauren, gumi na zuba, yana haki. Ya dubi jama'a kamar wanda aka zalunta.

"Don Allah, wane ne ya yi ƙofar nan?"

Autar ƙanena, 'yar shekara shida, ta haye kan kujera. "Babana ne."

Kowa ya juyo. Mai fitila, wanda a tsawon sanina ba ya motsa fitila sai an ba shi umarni, ya juyo da babbar ya haske layi na uku. Aka fara tafi. Ƙanena ya miƙe rabi, ya zauna, matarsa ta tura shi ya sake miƙewa, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Har Basamude tafi yake yi daga inda yake zaune. Haka wasan ya ƙare, mutumin bai fita ba.

A bayan dandamali na tarar da wani ɗan jarida ya tare Darakta yana gaya mata ma'anar abin da ta yi: wai ta nuna cewa ɗan'adam ba ya iya tsere wa labarin da aka sa shi a ciki, kuma karyewar gatarin ita ce karyewar harshe. Tana ta gyaɗa kai kamar da ma haka ta nufa. Da ya tafi ta juyo kaina.

"Ba ka yanka ba, Baba."

"Ban yanka ba."

"Ɗazu da Basamude ke tsalle da ƙafa ɗaya, na riga na kore ka a zuciyata." Ta mayar da tabarau saman goshi. "Haka za mu bar ƙarshen. Amma kowane wasa ina son sabon gatari, mai karyewa a bugu na biyu, kai za ka riƙa yi. Ƙofofi kuma daga yau na ƙanenka ne."

Shekara ashirin da bakwai na ƙofofi, na ƙare a mai sassaƙa abin da zai karye. Ban yi musu ba.

Na same su a bakin titi suna jiran mota, rana ta yi sanyi. 'Yan matan suna kwaikwayon Basamude, babbar ta zama ƙofa, ƙananan na ture ta. Matarsa na tsaye can gefe da jakarta. Na ja shi muka matsa kaɗan. Na shirya magana tun daga ciki, duk ta gudu.

"Ƙofar ta yi kyau," na ce.

"Na sani." Bai dube ni ba, titi yake kallo. "Na kuma san ba irinta ka zo nema a wurina ba."

Na juyo na dube shi, ya ci gaba.

"Kwana biyu da zuwanka na ce bari in je in ga inda za ta tsaya, in auna da kaina, kada in ba ka kunya. Mai gadi ya bar ni na shiga. Zanen ƙofar yana manne a bango, da rubutun Darakta a ƙasa: mummuna, karkatacciya, aikin wanda bai iya ba. Na karanta sau uku, Yaya. Karatuna ba shi da ƙarfi, amma wannan na gane shi."

"Me ya sa ba ka zo ka same ni ba?"

"Da na zo, da haƙuri za ka ba ni. Kai ka iya ba da haƙuri, ka gama ka tafi. Ni ba shi nake so ba. So nake ka ɗauko tef ɗinka ka auna."

"Na auna."

"Na ga ka auna. Ka samu wani abu?"

"Ban samu ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ni kaina ban taɓa yin kamarta ba."

Ya murza yatsan nan mai tsumma. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na lokacin ba, kuma ban taɓa son yaron nan kamar lokacin ba, yaron da furfura ta cika wa gemu. Na buɗe baki zan roƙe shi gafara, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ranar da ka kore ni, a gaban mutane ka yi. Wannan kuma ka jawo ni gefe kana raɗa." Ya nuna matarsa da haɓa. "Sake faɗa, ba ta ji ba."

Akwai mutum fiye da ashirin a wurin, yawancinsu daga gidan wasan suka fito. Na gyara murya. Na ce ni kafinta ne ɗan kafinta, shekarata arba'in ina wannan aiki, na auna ƙofar nan ta kowace fuska ban samu aibu ba, kuma duk garin nan, har da ni, babu mai hannun da ya kai na ƙanena. 'Yan matan suka daina wasa suna kallona.

Matarsa ba ta yi murmushi ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta kama hannun autar, don motar ta iso.

"Shekara goma sha ɗaya nake gaya masa haka, Yaya," ta ce. "Amma ni ba kafinta ba ce."